Fashin Baƙi: Me ke sa kwamfuta ta maƙale ba gaira ba dalili, kuma me ya sa fomatin ba ya raba ta da matsalar?

Tambayar da ake ta yi a shagunan buga takardu, da ɗakunan ɗalibai, da ofisoshi a cikin garin Sakkwato ita ce: me ke sa kwamfuta tana cikin aiki lafiya lau, sai ta tsaya cak? Linzami ba ya motsi, maɓallai ba sa amsawa, ba saƙo ba gargaɗi, har sai an danne maɓallin kashewa an sake kunnawa. Wani lokaci ta yi kwana uku ba ta yi ba, wani lokaci sau biyar a wuni ɗaya. Amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin mutane ita ce bairos ne ya shige ta. Maganin da ake bayarwa kuma shi ne fomatin, wato a goge komai a sake ɗora Windows. Mutum ya biya kuɗi, ya rasa wasu daga cikin takardunsa, bayan mako ɗaya ko biyu abin ya dawo yadda yake.

Zancen ya ƙara yawa tun daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum da yake ba Windows 10. Mutane da dama suka ruga aka ɗora musu Windows 11 a kan tsofaffin laftof, yanzu duk maƙalewar da ta zo sai a jingina wa sabuwar Windows ɗin. Wani sa'in da gaskiya a ciki. Amma a gari irin namu, da zafin da ake yi, da ƙurar da ake sha, da wutar da ba ta da tsayayyen hali, manhaja ita ce ya kamata a tuhuma daga baya, ba tun farko ba. Maƙalewa kamar zazzaɓi take, alama ce ta cewa wani abu na damun jiki, ba ita ce cutar ba. Wanda kowane zazzaɓi maganin maleriya yake sha masa, wata rana zai kwanta da taifot yana mamakin abin da ya hana shi warkewa.

Da farko, wace irin maƙalewa ce?

Abin da mutane ke kira maƙalewa ba abu ɗaya ba ne, kuma rabin aikin gano matsalar yana cikin bambance su.

Akwai lokacin da manhaja ɗaya ce kawai ta daina amsawa, misali Word ko Chrome ko CorelDRAW, amma linzami na yawo, agogon da ke ƙasan allo na tafiya. Wannan shi ne mafi sauƙi. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka ga wace manhaja ce ta cinye ƙarfin na'urar, ka rufe ta.

Akwai kuma nauyi. Komai na tafiya amma da ƙyar, ka danna abu sai bayan rabin minti ya buɗe, ta ɗan sandare ta saki, can ta sake sandarewa. Wannan galibi yana nuni ne ga ma'ajiyar bayanai da ta fara gajiya, ko RAM (wurin riƙe abin da ake aiki da shi a lokacin) da ta yi kaɗan, ko firosesa (guntun da ke yin lissafi) da ya rage gudu saboda zafi.

Wadda ta fi tayar da hankali ita ce sandarewa ɗungurungum. Hoton da ke kan allo ya daskare, in da sauti ake ji ya koma ƙara ɗaya mai maimaita kanta, babu abin da ke motsi. A nan akwai gwajin da ba ya cin ko sisi: danna maɓallin Caps Lock ka dubi 'yar fitilarsa. In tana kunnuwa tana mutuwa, Windows na nan da ranta, wataƙila ɓangaren da ke zana hoto ne ya sarƙe. Sai ka gwada danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B a lokaci ɗaya, wanda ke sa Windows ta sake tayar da ɓangaren hoton. Za ka ji ɗan ƙara, allon ya ƙifta. In kuwa fitilar ba ta amsa ko kaɗan, to na'urar ta tsaya tun daga tushe, kuma zargi ya fi karkata ga kayan cikinta, ko ga wata manhaja da ke aiki can cikin zuciyar Windows.

Sai kuma shuɗin allo mai ɗauke da rubutu. Mutane na tsorata da shi, alhali shi ne ya fi tausayi, domin yana faɗin sunan matsalar. Wanda ya gan shi ya ɗauko waya ya ɗauki hoton rubutun kafin ya ɓace. Mutuwar farat ɗaya kuma, inda na'urar za ta ɗauke baki ɗaya kamar an zare mata waya, kusan kullum zancen zafi ne ko na wuta.

Zafi da ƙura, waɗanda ya kamata a fara tuhuma a Sakkwato

Kamfanonin da ke ƙera laftof galibi suna rubutawa a takardun kayansu cewa a yi amfani da su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyas ba. A Sakkwato daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura digiri 40, shagon da aka rufa da kwano babu silin kuwa ba a magana. Ke nan tun kafin ka taɓa maɓallin kunnawa, iskar da fanka za ta zuƙo don sanyaya firosesa ta riga ta wuce abin da aka tsara mata. Wannan lissafin shi kaɗai ya isa ya sa mai kwamfuta a garin nan ya canza yadda yake kallon matsalar.

Firosesa, wato guntun da ke yin duk lissafin kwamfuta, yana da iyakar zafin da zai jure. Na kamfanin Intel yawancinsu kusan digiri 100 ne, na AMD da yawa kusan 95. In ya doshi wannan iyaka sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone, shi ne nauyin da ake ji da tsakar rana. In abin ya ci tura, na'urar ta kashe kanta. Amma kafin a kai nan, akwai sauran sassa da ke gasuwa tare da shi: RAM, da guntun zana hoto, da ma'ajiya, da ƙananan sassan da ke daidaita wuta a kan bod, wato babban allon da sassan kwamfuta ke zaune a kansa. Waɗannan in sun ɗau zafi, musamman in sun tsufa, suna iya fara kuskure shiru, sai kawai ka ga allo ya daskare.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai gyara yayin da yake buɗe bayan laftof ɗin da ta shekara biyu a garin nan ya san abin da nake nufi. Tsakanin fanka da siraran haƙoran ƙarfen da iska ke bi ta fita, za ka tarar da dunƙulen ƙura mai ruwan ƙasa, ta haɗu da zaren bargo da gashi, ta dame ta toshe hanyar gaba ɗaya. Mai gyara ya sa tsinke ya ɗago ta a dunƙule, tsawon ɗan yatsa, ba ta ko wargaje ba. Duk tsawon lokacin nan fanka na juyawa, har ƙugi take yi, mai ita na jin ƙugin yana cewa ai fankarta lafiya lau, alhali iska ba ta fita. Ka kai hannu bakin ramin fitar iskar: in fanka na ihu amma abin da ke taɓa hannunka bai taka kara ya karya ba, hanya ta toshe. Hunturu ne ke tara wannan ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bazara ta zo ta tarar da aiki ya kammala. Ba mamaki ba ne da ƙorafin ya fi yawa a watan Afrilu.

Akwai kuma wani ɗan mai ruwan toka da ake shafawa tsakanin firosesa da jan ƙarfen da ke kwashe masa zafi. Da shekaru sai ya bushe ya tsattsage, zafi ya daina wucewa yadda ya kamata. Mafi yawan laftof ɗin da ke hannun mutanenmu tokumbo ne, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso, wasu sun haura shekara bakwai, kuma ba wanda ya taɓa canza musu wannan man. Canza shi aiki ne na ƙasa da awa ɗaya.

Sai halinmu na ɗora laftof a kan katifa ko darduma ko filo. Ramukan shan iskar yawancinsu a ƙasa suke. Ɗalibin da ya kwanta rub da ciki yana buga furojet da laftof a kan katifa ya toshe mata hanci da kansa. Faranti ko allo mai tauri a ƙarƙashinta, da ɗan abin da zai ɗaga bayanta, na rage zafi fiye da yadda ake zato.

Ba sai an yi canki-canki ba. Akwai manhajoji na kyauta irin su HWMonitor da Core Temp da ke nuna zafin firosesa a kowane lokaci. In ba ka buɗe komai ba sai Word, amma ma'auni na nuna 85 ko 90, ka gama gano ɓarawonka. Wata hanyar ita ce lura da lokaci: in ba ta taɓa maƙalewa bayan sallar Asuba ba, amma daga Azahar zuwa La'asar ba ta ƙyale ka, babu bairos ɗin da ke duba agogo. In za a hure ƙurar da bulowa, a riƙe fankar kada ta yi ta juyawa da ƙarfin iskar, domin hakan na lalata ta.

Wuta: janareta, caja da batir

A takarda, wutar Najeriya bolt 230 ce. A aikace kowa ya san rabin wuta, ya san yadda take ɗaukewa ta dawo cikin ƙiftawar ido. Kwamfutar tebur ba ta da batir da zai tare mata wannan, sai akwatin wutar da ke cikinta, kuma in mai araha ne ko ya tsufa, 'yar girgiza kaɗan ta isa ta sa firosesa ya rikice ba tare da na'urar ta mutu ba. Fitilu na kunne, fanka na juyawa, allo a daskare.

Ɗauki misalin shagon buga takardu, irin waɗanda suka cika hanyoyin makarantu. Kwamfutar tebur, da injin fotokwafi, da firinta, da na'urar lamineshin, duk a kan ƙaramin janareta ɗaya, ta hanyar soket mai baki huɗu da aka ɗaure da salatif. Injin fotokwafi da firinta mai garin tawada suna da wani sashe da ke ɗumama don ya manna tawada a jikin takarda, kuma duk lokacin da ya tashi yana fizgar wuta mai yawa. Ka zauna a irin wannan shago ka saurara. Da yaron shago ya danna fotokwafi, janareta zai canza murya, ƙwan fitila ya dushe, fankar sama ta yi kasala. A daidai wannan lokacin ne kwamfuta ke sandarewa. Mai shagon zai rantse maka cewa haka kawai take yi, domin hankalinsa na kan kwastoma, bai taɓa haɗa abubuwan biyu ba. Ko sau goma aka yi mata fomatin ba abin da zai canza. Abin da take buƙata shi ne UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe mata wuta in ta girgiza ko ta ɗauke, nata ita kaɗai, kuma kada a jona firinta ko fotokwafi a kansa.

Laftof kuwa batirinta ne garkuwarta. Wadda batirinta ya mutu, ake amfani da ita sai a jone, ta koma kwamfutar tebur, ta gaji duk matsalolinta. Sannan ga caja. Kasuwa cike take da caja masu ɗauke da tambarin HP ko Dell waɗanda ba su suka yi su ba, ka ɗaga ka ji ba nauyi. Araha ba ta ado. Laftof ɗin da ke son caja mai ƙarfin wat 65 aka ba ta mai 45, ko mai rubutun 65 na ƙarya, za ta yi aiki har zuwa lokacin da aka matsa mata, sannan ta gaza. Na Dell ma suna da wata dabara: ta siririyar allurar da ke tsakiyar bakin cajar suke gane ko ta kirki ce, in ba su gane ta ba sai su ƙi cajin batir, su kuma rage gudun firosesa sosai. Wata alamar caja marar kyau ita ce linzami ya riƙa tsalle-tsalle da kansa duk lokacin da aka jona ta. Gwajin a nan a fili yake: cire caja, yi aiki da batir zalla na awa ɗaya ko biyu, ko ka aro cajar kirki wurin abokinka. In ta daina, an gano.

Batirin da ya kumbura, har ya fara ɗaga wurin shafa linzami ko ya buɗe gefen laftof, ba zancen maƙalewa ba ne kuma, zancen gobara ne. A cire shi a ranar.

RAM da ma'ajiyar bayanai

In akwai maƙalewar da ta cancanci a ce ba ta da lokaci, to ta RAM ce. RAM ita ce wurin da kwamfuta ke ajiye abin da take aiki da shi a yanzu. In wani ɗan gurbi a cikinta ya lalace, babu abin da zai faru sai ranar da wani muhimmin bayani ya faɗa daidai wannan gurbi. Shi ya sa take iya yin mako lafiya, sannan ta sandare sau uku a safiya ɗaya. Sau da yawa ma ba lalacewa ta yi ba, ƙura ce ta shiga tsakanin haƙoranta, ko ta ɗan goce daga mazauninta saboda jijjigar kabu-kabu. A ciro ta, a goge, a mayar. Haka kuma ƙarin RAM da ake yi a kasuwa, inda ake haɗa tsohuwa da wata daban da ba su dace ba, yakan haifar da matsalar da da babu ita. Windows na da abin gwaji nata mai suna Windows Memory Diagnostic, amma MemTest86, wadda ake ɗorawa a filash, ta fi tsanani. A bar ta ta kwana tana aiki. Kuskure ko ɗaya ta nuna, ya isa hujja. In RAM biyu ce a ciki, a cire ɗaya a gwada, sannan a musanya.

Ƙarancin RAM kuma daban ne da lalacewarta. Microsoft ta ce gigabait 4 ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke buƙata, amma wanda ya buɗe shafuka goma a Chrome tare da Word a kan gigabait 4 ya san numfashi kawai take yi. Gigabait 8 ne inda ake fara samun sauƙi.

Ma'ajiya ita ce ta fi ba ni tsoro, domin a nan ne dukiyar mutum take. Tsohon samfurin, HDD, faifai ne da ke juyawa sau 5,400 a minti a yawancin laftof, da wata allura da ke shawagi dab da shi. Faɗuwa ɗaya, ko ɗaukar laftof a jefa cikin jaka tun ba ta gama mutuwa ba, na iya ji wa faifan rauni. In Windows ta zo karanta wurin da ya ji raunin sai ta yi ta maimaitawa, komai ya tsaya yana jiranta. Alamominsa su ne Task Manager ya nuna ma'ajiya na aiki ɗari bisa ɗari alhali ba ka yin komai, ko ka ji ɗan ƙas-ƙas daga ciki, ko wani fayil ɗaya da duk ka taɓa shi sai ta sandare. Manhajar CrystalDiskInfo na karanta rahoton lafiyar da ma'ajiyar ke rubutawa da kanta: shuɗi lafiya, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuma ta gama. Wanda ya ga ruwan ɗorawa ya bar duk abin da yake yi ya kwashe takardunsa. Fomatin a kan ma'ajiyar da ke gargara shi ne mafi munin abin da za a yi mata, domin ana goge abin da za a iya ceta, sannan a ɗora mata aikin da zai iya ƙarasa ta. Sabon samfurin, SSD, ba shi da abin da ke juyawa, ya fi jure jijjiga, ya fi sauri nesa ba kusa ba, amma shi ma akwai na bogi da marasa suna da ke sandarar da na'ura.

To ina laifin manhaja?

Yana nan. Babban mai laifi a wannan ɓangare shi ne direba, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta iya magana da wani sashe, kamar na hoto ko na Wi-Fi ko na sauti. Microsoft ta gindaya cewa Windows 11 na buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, da firosesan Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Tokumbo da yawa a hannunmu zubi na huɗu ne zuwa na bakwai. Masu gyara sun san hanyar zagaye wannan sharaɗi, kuma sau da yawa tana aiki, amma direbobin waɗannan tsofaffin na'urori ba don Windows 11 aka rubuta su ba. Wanda matsalarsa ta fara daidai ranar da aka canza masa Windows, yana da dalilin zarginta.

Manhajar tsaro ma kan zama matsala. A ranar 19 ga Yuli, 2024, wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a duniya bisa ƙiyasin Microsoft, har jirage suka kasa tashi. Dalili shi ne irin waɗannan manhajoji can cikin zuciyar Windows suke aiki. Mai laftof ɗin da ya ɗora maganin bairos biyu ko uku a kan wanda Windows ta zo da shi ya tara masu gadi ne suna shaƙe juna. Ɗaya ya isa.

Bairos ɗin kansa fa? Yawancin na yanzu ba sa son kwamfutarka ta tsaya, so suke ta ci gaba da aiki su samu su saci bayanai ko su yi amfani da ƙarfinta. Wanda ke yawo a filash ɗin ɗalibai yana ɓoye fayiloli ne, ba sandarar da na'ura ba. Inda haɗarin yake shi ne manhajojin sata da abubuwan da ake saukewa don buɗe Windows da Office ba tare da lasisi ba. Wasunsu na ɗauke da ɓoyayyar manhajar haƙar kuɗin kirifto, wadda ke sa firosesa aiki ba dare ba rana. A nan bairos da zafi sun haɗa kai ke nan.

Yadda ake bin sawu

Kafin a taɓa komai, a kwafe takardu zuwa filash ko Google Drive ko ma a tura wa kai ta imel. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga nan sai a tambayi kwamfutar kanta, domin tana rubuta tarihinta. A wurin bincike na Windows a nemo Reliability Monitor. Zai nuna kwanaki a jere, da jan tambari a duk ranar da wani abu ya faɗi, da abin da aka ɗora ko aka sabunta a ranar. In jajayen sun fara ne washegarin wani sabuntawa, ga bakin zare. A cikin Event Viewer kuma, wani kundin tarihin da Windows ke ajiyewa, mutane kan ci karo da saƙon Kernel-Power mai lamba 41 su ɗauka an ce musu matsalar wuta ce. Ba haka ba ne. Abin da kawai yake cewa shi ne na'urar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba, kuma ko kai ka danne maɓalli zai fito. Abin dubawa shi ne saƙonnin da suka gabace shi da 'yan mintoci.

Gwajin da ke raba gardama tsakanin manhaja da kayan ciki shi ne a ɗora Ubuntu, wata babbar manhaja ta kyauta da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a kan filash, a tayar da kwamfutar daga filash ɗin ba tare da an taɓa Windows ba, a yi wuni ana aiki da ita. In ta sandare a nan ma, Windows ta fita daga zargi, kuma fomatin asarar kuɗi ne. In ta wuni lafiya, sai a koma kan direbobi, da manhajojin da ke tashi tare da Windows, da ma'ajiyar kanta, tunda Ubuntu ta filash ba ta dogara da ita ba. A nan ne kaɗai sake ɗora Windows ke da ma'ana, kuma bayan CrystalDiskInfo ta wanke ma'ajiyar.

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya hure ƙura, ya canza RAM, ya sayi caja, ya yi fomatin duk a rana ɗaya, ko ta warke bai san me ya warkar da ita ba, in ta dawo kuma daga farko zai fara. 'Yar takarda a gefe, a rubuta ranar da ta maƙale, da ƙarfe nawa, da wutar da ake kai, da abin da ake yi, ta fi duk wani hasashe amfani. Bayan mako ɗaya abin da aka ce ba shi da lokaci yakan nuna lokacinsa.

Masu gyara da masu kaya

Yana da sauƙi a ɗora wa masu gyara laifi, kuma wasunsu sun cancanta, musamman wanda zai goge ma'ajiyar mutum bai tambaye shi ko ya kwashe kayansa ba. Amma su ma suna da abin faɗa. Matsalar da ba ta zuwa sai ta ga dama tana buƙatar na'urar ta kwana biyu a shago ana gwada ta, da wuta, da man janareta. Kwastoma kuwa zai zo yana cewa, "Malam, don Allah yau nake son ta, gobe zan kai wa sufabaiza." Kuma ba ya jin zai biya kuɗin bincike, sai kuɗin abin da ya ga an canza. Fomatin awa ɗaya ne, yana sa kowace kwamfuta ta ɗan yi sauƙi na 'yan kwanaki, kowa ya rabu da kowa lafiya. Matuƙar ba mu ɗauki binciken a matsayin aikin da ake biya ba, haka za a ci gaba. Ni a ganina gara a biya mai gyara ladan kwana biyu na gwaji da a biya fomatin uku.

Wanda ke shan wahalar a ƙarshe shi ne ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da babi uku na furojet ɗinsa suka tafi, da mai shagon da kwastomomi suka tsallaka zuwa maƙwabcinsa. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma galibi a cikin bazara ake yin ta, ɗaruruwan na'urori a ɗaki ɗaya a kan janareta. Mai cibiyar da ya hure ƙurar na'urorinsa a ƙarshen hunturu, ya gwada RAM da UPS kafin ranar, ya kare yaran mutane daga tashin hankalin da ba laifinsu ba.

Mai shirin sayen tokumbo ya tafi da filash mai ɗauke da HWMonitor da CrystalDiskInfo, ya nemi a bar shi ya kunna bidiyo na rabin awa yana kallon ma'aunin zafi, ya kuma nemi garantin ko da mako ɗaya ne a rubuce. In an hure ƙura, an canza man firosesa, RAM ta ci gwaji, ma'ajiya lafiya, an canza caja, amma har a Ubuntu tana sandarewa, abin da ya rage shi ne bod. Gyaran bod a tsohuwar laftof ba kullum yake ɗorewa ba, kuma kuɗinsa kan kusanci rabin na wata. A irin wannan hali a ciro ma'ajiyar a sa ta a ɗan akwatin USB don a ci gaba da amfani da abin da ke cikinta, a ciro RAM ɗin in za ta shiga wata, sauran a sayar wa masu gyara su yi kayan gyara da shi.